Kafin ka zaɓi manhajar tsara shafin intanet, duba abin da take rubutawa a bayan fage

Duk shafin da ka buɗe a intanet, komai kyansa, rubutu ne a ƙarƙashinsa. HTML ke faɗin mene ne kowane abu: wannan kanu ne, wannan sakin layi, wannan hoto. CSS ke faɗin kamanninsa, wato launi da girma da tazara da inda zai zauna. JavaScript kuma shi ke sa abu ya motsa idan an taɓa shi. Manhajar tsara shafi da ido tana ɗauke maka wahalar rubuta waɗannan da hannu. Kai kana jan hoto kana ajiyewa, kana buga rubutu kamar a takarda, ita kuma tana rubuta kod ɗin a ɓoye. Masu harkar suna kiran irin wannan WYSIWYG, gajarcen wata jimlar Turanci mai nufin abin da ka gani shi za ka samu.

Wannan alkawari ba ya cika gaba ɗaya, kuma ba don masu yin manhajojin sun gaza ba. Takarda girmanta ɗaya ne, shafin intanet kuwa ba shi da girma tsayayye. Wani zai buɗe shi a waya mai faɗin fiksel 360, wani a kwamfuta mai 1920, wani ya ƙara girman rubutu saboda idonsa, makaho kuma manhajar karanta allo ce za ta karanta masa. Abin da kake gani a gabanka lokacin tsarawa fuska ɗaya ce daga cikin fuskoki masu yawa. Shi ya sa kyan allon manhaja da yawan samfuran da take talla da su ba su ne ma'auni ba. Ma'aunin abu biyu ne: wane irin kod take fitarwa, kuma me zai rage a hannunka ranar da ka rabu da ita.

Ina asalin aikin yake zaune?

Wannan tambaya ce ke raba manhajojin gida-gida, kuma ita ya kamata a fara yi.

Akwai waɗanda ke aiki kai tsaye a kan fayilolin HTML da CSS da ke cikin kwamfutarka. Dreamweaver na cikinsu, haka Pinegrow, haka ɓangaren Composer da ke cikin SeaMonkey. Fayil ɗin da kake gyarawa shi ne ainihin wanda za ka ɗora a uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet. Kana iya rufe manhajar, ka buɗe fayil ɗin da kowace manhajar rubutu, ka gyara, ka dawo, babu abin da ya ɓata. Tun da Macromedia ta fitar da Dreamweaver a 1997 abin da ya ɗaga ta kenan: ba ta taɓa kod ɗin da mutum ya rubuta da hannunsa, alhali takwarorinta na lokacin sukan sake rubuta shi yadda suka ga dama.

Akwai kuma waɗanda ke ajiye aikinka a wani fayil nasu na musamman, sai lokacin wallafawa su fitar da HTML daga ciki. Bootstrap Studio, RapidWeaver, Blocs, Mobirise da WYSIWYG Web Builder duk haka suke. Hanyar a nan mai tafiya ɗaya ce. Idan ka gyara HTML ɗin da aka fitar, gyaran zai shafe a fitarwa ta gaba, domin manhajar ba ta san da shi ba. Idan kuma fayil ɗin asali ya ɓace, shafin yana nan a intanet amma ba ka da hanyar gyara shi da ido. Duk wanda ya ba wani kwangilar gina shafi da irin wannan manhaja, ya karɓi fayil ɗin asali tare da aikin, ya kuma tambayi sigar manhajar da aka yi amfani da ita.

Gida na uku su ne waɗanda ake shiga ta burauza, aikin kuma yana zaune a uwar garken kamfanin: Wix, Squarespace, Webflow, Google Sites. Su suka fi sauƙin farawa, domin masaukin shafi da takardar tsaro ta HTTPS da sabuntawa duk suna wuyan kamfanin. Wajen fita ne suka bambanta. Shafin Wix a Wix kaɗai yake aiki, ba a kwashe shi a kai wani masauki. Squarespace tana ba ka wani ɓangare na rubuce-rubucenka a fayil ɗin XML da WordPress ke iya karɓa, amma tsarin ba ya biyo shi. Webflow tana barin masu biyan kuɗi su fitar da HTML da CSS, sai dai abubuwan da ke zaune a rumbun bayananta, da fom da akwatin bincike, ba sa aiki a kwafin da aka fitar sai an sake haɗa su.

WordPress, manhajar gina shafi da ake girkawa a masauki, tana tsakiya. Rumbun bayanan naka ne idan kai ka kama masauki, amma editan da ka zaɓa ya yi maka tsarawa a cikinta shi ke yanke yadda za a ajiye rubutun. Editan tubala da ya zo da WordPress 5.0 a Disamba 2018, wanda ake kira Gutenberg, yana ajiye yawancin abu a matsayin HTML na gari tare da 'yan alamomin ɓoye. Elementor, wanda ya fito a 2016, yana ajiye tsarin a wani wuri daban, idan ka kashe shi sai rubutu ya rage ba ado. WPBakery da tsofaffin sigogin Divi kuwa da gajerun alamomi suke cika shafi, irin su vc_row, kuma ranar da aka cire su waɗannan alamomin za su fito fili a tsakiyar rubutu, shafi bayan shafi, sai an bi an share.

Manhajoji na mutuwa

Wanda ke ganin batun rabuwa da manhaja nesa yake, ya duba tarihin wannan fanni. Microsoft ta sayi FrontPage a 1996 daga kamfanin Vermeer, ta zama manhajar da miliyoyin mutane suka fara gina shafi da ita. Sigar 2003 ce ta ƙarshe. Fom ɗinta da ma'aunin baƙi da akwatin bincike duk sun dogara ne da wasu ƙarin manhajoji da ake girkawa a uwar garke, kuma da masu ba da masauki suka daina girka su, sai waɗannan sassa suka tsaya cak a shafukan da babu wanda ya taɓa. Magajiyarta Expression Web an daina ci gaba da ita a ƙarshen 2012. Adobe ta sayi Macromedia a 2005, ta ajiye tata GoLive a 2008. Ta fito da Muse a 2012 don masu zane da ba sa son ganin kod, ta sanar da dakatar da ita a Maris 2018, tallafin kuma ya ƙare a Maris 2020. Apple ta kawo iWeb a 2006, masaukin MobileMe da yawancin masu amfani da ita ke wallafawa a kai ya rufe a 30 ga Yuni 2012. A ɓangaren na kyauta ma haka: Nvu ta kai siga ta 1.0 a 2005 ta tsaya, KompoZer ta ɗauka daga nan ita ma ta tsaya, BlueGriffon ta biyo baya, ita ma ci gabanta ya tsaya.

Microsoft da Adobe da Apple ba ƙananan kamfanoni ba ne, don haka girman suna ba lamuni ba ne. Abin lura shi ne wanda ya fi jin jiki. Mai shafin da aka yi da KompoZer yana da fayilolin HTML da kowace manhaja za ta buɗe har yau. Mai shafin Muse ko iWeb kuwa yana da fayil da manhaja ɗaya tak ke karantawa, da kod ɗin da inji ya rubuta ba don mutum ya karanta ba, galibi sai dai a sake gini daga tushe. KompoZer da Expression Web har yanzu ana samunsu a sauke kyauta, amma ba su san Grid da sauran sababbin dabarun CSS ba, allon tsarawarsu zai nuna maka shafin zamani a karkace. Ba su dace da sabon aiki ba.

Yadda manhaja ke ajiye abu a shafi

Nan ne mafi yawan ɓarna ke fitowa, kuma nan ne sabon shiga ya fi yi wa rogo kallon kitse. Manhajar da ta bar ka ka ja abu ka ajiye shi duk inda kake so, kamar kana liƙa hoto a bango, ita ta fi daɗin hannu. A bayan fage tana rubuta cewa wannan akwati ya zauna fiksel kaza daga hagu, fiksel kaza daga sama, faɗinsa kaza. Akwatin bai san da maƙwabcinsa ba. Idan rubutun da ke ciki ya ƙaru da layi biyu, ko salon haruffan da ka zaɓa bai sauka ba burauza ta sa wani mai ɗan faɗi, sai rubutu ya malala kan hoton da ke ƙasa. A waya kuma dole a yi wani tsari daban da hannu, kuma duk abin da ka ƙara a fuskar kwamfuta sai ka koma fuskar waya ka duba inda ya faɗa. Shafi biyar ana iya jurewa. Shafi hamsin aikin ya ninka.

Ɗaya hanyar ita ce ta gudana. Abubuwa suna bin juna a jere, kowanne yana cikin sahu ko ginshiƙi, idan na sama ya tsawaita sai ya tura na ƙasa. CSS na zamani yana yin wannan da dabarun Flexbox da Grid, shi Grid ɗin manyan burauzoji suka fara karɓarsa a 2017. Webflow, Pinegrow, Bootstrap Studio da editan tubalan WordPress duk a kan wannan suke. Da farko mutum zai ji kamar an ɗaure masa hannu, ya ja hoto ya ƙi zama inda yake so. Wannan ƙin shi ne kariyar. Ginshiƙai uku a kwamfuta su za su koma ɗaya bisa ɗaya a waya da kansu, ta hanyar dokar da ke cewa idan faɗin allo ya gaza fiksel 768, misali, a sauya jeri. Tun da Ethan Marcotte ya raɗa wa wannan dabara suna responsive web design a 2010 ta zama ita ce hanyar gina shafi, kuma Google yanzu fuskar waya yake dubawa wajen jera shafuka a sakamakon bincike.

Akwai wani bambanci da ke kusa da wannan. Idan ka sauya launin kanu ɗaya, manhaja mai kyau tana rubuta doka ɗaya a fayil ɗin CSS da duk kanun irinsa za su bi. Marar kyau tana manna launin a jikin wannan kanun kaɗai. Ba za ka ga bambancin ba sai ranar da aka ce a sauya launin duk shafukan. Haka batun kai da ƙafar shafi da jerin mahaɗai: dole a sami wuri ɗaya da za a gyara su su sauya ko'ina. Dreamweaver tana yin haka da fayilolin samfuri, sauran da abin da suke kira sassa na gama-gari. Manhajar da ba ta da wannan, shafi ɗaya kawai ta dace da shi.

Gwajin awa ɗaya

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kusan duk waɗannan manhajoji suna da sigar gwaji ko matakin kyauta, don haka kada a zaɓa daga bidiyon talla. Ɗauki biyu ko uku da kake tunani, ka gina shafi iri ɗaya a kowacce: babban kanu, ƙananan kanu biyu, sakin layi uku na ainihin rubutunka ba na cike gurbi ba, ginshiƙai uku masu hoto, tebur ƙarami, da fom mai gurbi uku. Yi amfani da hoto kamar yadda ya fito daga waya, mai faɗin fiksel 4000 da nauyin megabait 3 ko 4, kada ka rage shi. Wallafa, sannan ka fara dubawa.

Buɗe shafin a burauza ka danna Ctrl da U don ganin kod. Ba sai ka iya rubuta shi ba. Nemi babban kanunka ka ga ko an sa shi cikin alamar h1, ƙananan kuma h2, ko kuwa rubutu ne kawai aka kumbura. Injin bincike da manhajar karanta allo da waɗannan alamomi suke gane tsarin shafi. Duba akwati nawa aka naɗe sakin layi ɗaya a ciki. Biyu ko uku ba laifi, goma kuwa alama ce ta manhaja mai kumbura shafi. Kai adireshin validator.w3.org ka ga kurakuran da zai lissafa. 'Yan gargaɗi ba abin damuwa ba ne, amma alamomin da aka buɗe ba a rufe ba, ko suna ɗaya da aka ba abu biyu, suna jawo matsala daga baya.

Sai hoto. Danna F12, shiga ɓangaren da ke nuna abubuwan da aka sauke, ka sake loda shafin. Idan hoton nan ya sauko da megabait ɗinsa cif, manhajar ba ta rage shi ba, kuma duk wanda zai riƙa ɗora hotuna nan gaba sai ya rage da hannu, abin da ba kasafai ake dorewa da shi ba. Mai kyau tana yanka hoton zuwa girma uku ko huɗu, ta bar burauza ta zaɓi wanda ya dace da allo, sau da yawa ta mayar da shi WebP, wani nau'in fayil ɗin hoto mai ƙarancin nauyi. Tana kuma rubuta faɗi da tsawon hoton a kod, don burauza ta tanadar masa wuri tun kafin ya iso. Idan babu wannan, mutum na cikin karatu sai rubutu ya zabura ƙasa, ya je danna abu ya danna wani. Duba kuma ko akwai gurbin rubuta bayanin hoto, wato alt, kuma ko yana kusa ko an binne shi.

PageSpeed Insights na Google zai ba ka ma'aunai uku da iyakarsu: babban abin da ke allon farko ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, zaburar shafi kada ta wuce 0.1, amsa taɓawa kuma kada ta wuce milidaƙiƙa 200. Na ukun ba zai fito a sabon shafin da babu baƙi ba, amma biyun farko za su fito. Dubi sakamakon waya, ba na kwamfuta ba. Kada makin da ke sama ya ɗauke maka hankali, kwatanta nauyin JavaScript da kowace manhaja ta ɗora wa shafin da ba shi da komai mai motsi. Wannan nauyi da shi kowane shafinka zai fara, kuma ba ka da ikon cire shi.

Daga nan ka matse tagar burauza a hankali daga faɗi zuwa ƙunci har fiksel 320, kana kallon inda abu zai karye. Tebur ne yakan fara fita daga allo. Ƙara girman shafin zuwa kashi 200 cikin ɗari ka ga ko rubutu ya hau kan juna. Ajiye linzami, ka bi shafin da maɓallin Tab kaɗai: idan tsalle yake yi daga sama zuwa ƙasa ya dawo tsakiya, to jerin da ke cikin kod ya saɓa da wanda ido ke gani, ciwon da manhajojin ja-ka-ajiye suka fi fama da shi. Idan rubutunka na da haruffan da babu a Turanci, irin su ƙ da ɗ da ɓ, ko é, ko rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, saka su a kanu da cikin sakin layi. Su fito alamar tambaya ko tarkace, matsalar rashin UTF-8 ce, wato tsarin adana haruffa da ya ƙunshi irin waɗannan. Su fito amma da siffa dabam da sauran haruffa, salon haruffan ne ba shi da su, burauza ta aro daga wani, sai ka duba ko manhajar za ta bar ka ka ɗora salon da kake so.

Fom yana da nasa tarko. HTML shi kaɗai ba ya aika saƙo, dole akwai wani abu a uwar garke da zai karɓa. Manhajojin burauza suna da nasu. Na kwamfuta kuwa wasu suna fitar da ɗan fayil ɗin PHP, wato kod ɗin da uwar garke ke gudanarwa, wanda ba zai yi aiki a masaukin da ba ya gudanar da PHP ba, wasu kuma suna bi da saƙon ta uwar garken kamfaninsu, abin da ke nufin bayanan masu tuntuɓarka suna ratsawa ta hannun wani. Cika fom ɗin ka aika, ka tabbata ya iso, ka duba har akwatin tarkacen imel.

Abu na ƙarshe a gwajin shi ne ka nemi hanyar fita tun yanzu. Fitar da shafin, ka buɗe abin da aka ba ka a wata kwamfuta da ba ta da manhajar. Abin da ka gani a nan shi ne ainihin abin da ka mallaka.

Wa zai riƙa gyarawa?

Mai gina shafi da mai kula da shi sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne, kuma na biyun ne zai zauna da manhajar shekaru. Idan mutane uku ko huɗu za su riƙa saka labarai kowane mako, manhajar kwamfuta ba ta dace ba, domin fayilolin suna na'ura ɗaya, kuma idan biyu suka gyara shafi ɗaya na ƙarshen ɗorawa zai shafe na farko. WordPress da editan tubalanta ta fi dacewa a nan, a ba marubuta matsayin da zai bar su su yi rubutu ba tare da taɓa tsari ba. Sharaɗinta shi ne a sami mai sabunta ta da ƙarin manhajojinta a kai a kai, don yawancin kutsen da ake yi wa shafukan WordPress ta tsofaffin ƙarin manhajoji ake shiga. A kuma ja musu kunne kan kwafo rubutu daga Word kai tsaye, yakan taho da tarkacen ado a ɓoye. Ctrl da Shift da V yana manna rubutun tsurarsa.

Shafi biyar zuwa goma da ba a cika sauyawa ba, na gabatar da sana'a ko ƙungiya, manhajar kwamfuta mai fitar da HTML tsantsa ta ishe shi, kuma shi ya fi sauri da wuyar kutse tunda babu rumbun bayanai. Wanda ke son ya koyi sana'ar, ya ɗauki mai nuna kod da zane gefe da gefe kamar Pinegrow, ko Webflow da allonta ke amfani da ainihin sunayen dokokin CSS, ta yadda abin da ya koya zai bi shi ko ya bar manhajar. Wanda kuma ba shi da lokaci ko mai taimako, yana son shafi ya tashi a yini ɗaya, Wix ko Squarespace zaɓi ne na hankali matuƙar ya shiga da sanin cewa haya ce yake yi.

A wannan halin akwai matakai da ke rage asara. Yi rajistar sunan shafin da sunanka da imel ɗinka, ya fi kyau a wani kamfani dabam da mai ba ka manhajar, domin sunan shi ne abin da baƙi da injin bincike suka sani. Ajiye duk rubutu da hotunan asali a folda taka. Ajiye kuma jerin adireshin kowane shafi, saboda ranar ƙaura sabuwar manhajar za ta iya ba su wasu adiresoshin, kuma sai da wannan jerin za ka iya saita turawa ta 301 daga kowane tsohon adireshi zuwa sabonsa, don mahaɗan da mutane suka yaɗa a baya su ci gaba da kai su inda suka nufa.